Sai Mai Ci Ya Zauna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layinmu ke kira Kuku, bayan ciwon ƙirji na 'yan sa'o'i. Yaya, yau kwana bakwai ke nan, sai yanzu hannuna ya iya riƙe alƙalami.

Shekara ashirin da biyu ka yi kana girki a jirgin ruwa. Ka dawo ba ka tara abin duniya ba, sai wuƙaƙe uku da haɗin ɗanyen kabejin da wani abokin aikinka mutumin Asiya ya koya maka. Mun sha yi maka dariya a kansa. Ni ce ma na laƙaba masa suna abincin zomaye.

Sai ga shi likita ya ce ciwon suga ya fara taɓa mini ido, in ban gyara cimata ba makanta na tafe. Kowa ya yi mini jaje ya kama gabansa, kai kuwa kasuwa ka nufa. Tun daga ranar, kullum da azahar kujerata na jirana a kicin ɗinka. Ka yanka kabeji siriri kamar zare, ka goga karas, ka yayyanka lawashi, ka soya riɗi sama-sama har ƙamshinsa ya tarye ni a bakin ƙofa. Romon kuwa a 'yar kwalba kake girgiza shi: man riɗi, lemun tsami, citta, tafarnuwa da baƙin ruwan waken soya. Dokarka ɗaya ce, ba a zuba romo sai mai ci ya zauna. Ka ce in kabeji ya sha romo ya jira, laushi yake yi ya saki ruwa, kai kuwa ba ka ba mutum abin da ya riga ya mutu a kwano. Ko na ce ina sauri, sai ka nuna mini kujera da tsinin wuƙa.

Shekara biyu muna haka, idona bai ƙara dushewa ba. Amma ranar Lahadi ka ga kwalbar lemo a jakata, ka yi mini faɗa a gaban 'ya'yana. Na ce ni ba yarinya ba ce, na gaji da ciyawarka. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Auta, idon naki ne, amma ni zan ja miki sanda." Na fice fuu. Litinin ban zo ba, Talata ban zo ba, wai ina so ka ji a jikinka. Na yanke sai Alhamis zan leƙo, kamar ni ke riƙe da kwanaki.

Bayan an kai ka, matarka ta ja hannuna zuwa kicin, ta buɗe firji. Ga kwano a rufe, kabeji a yanke, ga kwalbar romon a gefensa. Ta ce kwana ukun nan kullum sai ka yanka sabo. Ran Laraba ma da sassafe ka yanka, don ka ji jikinka ba daɗi, kada azahar ta same ka ba ka shirya ba.

Ta ce, "Na ce masa ya zuba mu ci, ba za ki zo ba. Ya ce a bari, mai ci bai zauna ba."

Na jawo kujerata na zauna, Yaya. Na zuba da hannuna, na cinye tas ina kuka. Kunyar maganar da na faɗa maka ba za ta bar ni ba, kuma babu sauran wanda zan ba haƙuri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka huɗu, da maƙwabtan da suka saba da ƙarar wuƙarka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka kamar yadda ka tsare mini hasken idona. Kai da ba ka taɓa zuba wa kowa a tsaye ba, Allah Ya zaunar da kai a Aljanna, a zuba maka. Amin.