Ranar da Yaya Ya Zo Daga Zungur

Ni na nace sai da yayana ya ba ni riƙon 'yarsa. Tana gama firamare a ƙauyensu, can gaban Zungur, na ga idan aka bar ta karatun ya ƙare ke nan, sai tallan nono. Na yi ta sintiri har ya gaji da bakina. Ita ce 'yarsa ta fari, kuma a danginmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Kunya ce muka gada. "Yarinyar nan" kawai yake ce mata.

Tana aji biyu na sakandare, wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki, maƙwabciyata ta faɗo ko sallama babu. Wai an ga baƙin mutane a kan babura kusa da makarantar 'yan mata. Wa ya gani? Oho, a waya aka turo. Lokacin kuwa labarin kwashe 'yan makaranta a wasu garuruwa bai bar bakin kowa ba. Na zari hijabi na sa a baibai na fita.

Iyaye sun yi dafifi a ƙofar makarantar, ana ta jijjiga ƙyaure. Da maigadi ya buɗe, yara suka ɓarke kowa ta kama gabanta. Duk hijabinsu iri ɗaya ne. Na riƙa cafko 'ya'yan mutane ina juyo da fuskarsu, na kira sunanta har muryata ta dishe. Ban gan ta ba. Na juya gida ina roƙon Allah ya sa saɓani muka yi.

Babur ɗin Yaya na tarar a ƙofar gida. Ashe labarin tuni ya isa ƙauye. Yana zaune a kan tabarma, ƙafafunsa duk taɓon gona.

"Ina gajiya?" ya ce. "Yaya ɗinki? Ruwa ya sauka nan kuwa?"

Na amsa. Ya tambayi maigidana, ya tambayi har akuyata, bai tambayi yarinyar ba. Wallahi haushi ya kama ni, da ma ya zage ni na huta. Amma tsoro ya fi haushin yawa, kuma kashi biyu ne. Ina tsoron kada ta dawo. Ina kuma tsoron ta dawo ya ce ta haɗa kayanta, don na san idan ta hau babur ɗin nan ita da aji har abada.

Muka yi azahar babu labari. Duk motsin ƙofa sai in zabura, shi kuwa ya kafa wa bango ido.

Gab da la'asar ta shigo, takalmi ƙafa ɗaya. Wata malamarsu ce ta kwashe su zuwa gidanta a Tirwun har ƙura ta lafa. Baƙin kuma, daga baya muka ji, 'yan rakiyar amarya ne suka ɓata hanya. Na rungume ta ina kuka ina faɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai dube ta ba.

"Lafiya," ya ce, ya miƙe.

Na bi shi waje. "Yaya, ɗaukar ta ka zo yi?"

"'Yarki ce. Ni ina ruwana a ciki?"

Ya hau babur. Ya yi ta takawa ƙafarsa tana gocewa, ya kasa tayar da shi, sai da ya tura shi har bakin titi.

Na so a ce ya hana, ko ya ce ta ci gaba, in samu wanda zan jingina da shi. Ya bar min abin ni kaɗai. Washegari rabin 'yan matan layinmu ba su fita ba. Ta sa kayan makaranta ta tsaya a tsakar gida tana kallona.

"Goggo, in tafi?"

Na ciro nawa takalmin na ajiye a gabanta.

"Sa, mu je," na ce. "Ni zan raka ki."