Anti Koci, Matar da Ta Ƙi Tashi Daga Tsakiyar Fili

Kafin rana ta yi zafi za ka ji ƙarar tsohon babur ɗinta ya shigo ta bayan makaranta, buhun ƙwallaye a ɗaure a baya, jarkar ruwa tsakanin ƙafafunta. Ba ta fara komai sai ta zaga filin nan a ƙafa, kanta a sunkuye kamar mai neman ɗan kunne. Samari ne suke buga ƙwallo a wurin da yamma, su watse su bar mata fasassun kwalabe da murafan lemo da ƙusoshi. Ita za ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a leda, domin rabin 'yan matanta ba su da takalmi. Sai ta zauna a kan jarka ta ba ƙwallaye iska da ƙaramin famfo, tana matsa kowace da babban yatsa. Lokacin da yara suka fara isowa, ta riga ta yi gumi.

Haka Anti Koci take yi shekara talatin da 'yan kai. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ba don ta gaji ba, sai don gwiwarta ta hagu ta ƙi, likita kuma ya ce in ta ci gaba da gardama da shi, sanda ce za ta raba su. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun tana ji da kunnenta.

Ni ce golarta ta farko. Ba don na iya ba. Na fi kowa tsawo ne, kuma na fi kowa ƙin gudu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke doguwa, tunda Allah bai ba ki ƙafa ba, bari mu ga ko ya ba ki hannu." Daga ranar sunana ya koma Gola, har yau da nake da 'ya'ya uku, in ta kira ni a waya da shi take farawa.

A wancan lokacin ita malamar motsa jiki ce kawai a makarantarmu, aikin da aka ɗauka ba ya wuce a jera yara a ce hannu sama, hannu ƙasa. Ita ce ta lura cewa duk lokacin da ƙwallon samari ta faɗo ta katanga, ba ma mayar musu da hannu, da ƙafa muke mayarwa, har mu yi ta rigima kan wadda za ta buga. Wata rana ta zo da ƙwallo tata ta kanta, ta ajiye a gabanmu ta ce, "Wannan ba ta kowa ba ce, taku ce. Ba wanda zai leƙo ta katanga ya ce ku miƙo." Mun daɗe muna kallon ƙwallon nan ba wadda ta taɓa.

Samun yara bai yi mata wuya ba. Iyaye ne aikin. Gida gida ta bi, ta zauna da uwaye a tsakar gida, ta jira ubanni a ƙofar shago. Wasu sun ce ƙwallo tana hana mace haihuwa. Sai ta koma washegari goye da ɗanta. Wasu sun ce karatu zai lalace. Sai ta kafa doka cewa duk wadda ta faɗi jarrabawa, benci ne nata har ta gyara. Ba ta taɓa ɗaga murya a gidan kowa ba, amma ba ta taɓa fita da "a'a" ta ɗauka magana ta ƙare ba.

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne baban Walƙiya. Walƙiya 'yar ƙarama ce, siririya, amma in ta ɗauki ƙwallo sai dai ki ga bayanta. Babanta mai walda ne, mutum mai kaifin baki da taurin kai. Anti ta je garejinsa ta same shi yana haɗa ƙofa, ko kallonta bai yi ba.

"Malama, 'yata ba za ta je ta karye a banza ba. In ta karye wa zai ɗauka? Ke?"

"Ni," in ji Anti. "Amma Baba, ka zo sau ɗaya ka gani. In ka gani ka ce a'a, ba zan sake tako garejin nan ba."

Ya zo, hannuwa a baya, fuska a ɗaure. A gabansa 'yarsa ta yanke mutum uku ta jefa mini ƙwallo a raga, amma shi hankalinsa ba ya can. Ya tako har inda nake, ya kama sandar raga ya girgiza. Gora ce muka ɗaure da igiya, duk ta karkace.

"Wannan abin shi ne ragarku?"

Na ce, "Eh, Baba."

"A unguwar da nake walda? Wannan ai cin mutunci ne!"

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da ma'aikatansa a kan kura, sun kawo turakun ƙarfe, an shafa musu farin fenti. Ya kafa su da kansa, ya ja da baya ya duba, sannan ya ce wa 'yarsa, "Ke kuma, in za ki buga, ki riƙa duban kusurwa, ba cikin gola ba." Anti ta juya baya don kada ya ga tana dariya.

Anti, ke ce kika san cewa mutum irin wannan ba a kayar da shi da magana. Ke ce kike sayen audugar mata ki ɓoye a jakar magani, ki miƙa wa yarinya ba tare da kowa ya gani ba, don kin san abin da ke sa wasu su ɓace mako guda ba su faɗi dalili ba. Ke ce kike riƙe gefen zane, mu riƙe ɗaya gefen, yara su canza kaya a bayansa, domin duk filayen da muka je ɗakin canza kaya na maza ne.

Amma abin da ya sa har yau ake ba da labarinta shi ne ranar wasan ƙarshe.

Shekarar ce aka fara shirya gasar 'yan mata ta makarantu, aka kuma yi alkawari za a buga wasan ƙarshe a babban filin wasa, mai ciyawa da kujeru. Mu da ba mu taɓa taka ciyawar fili ba, mun kai wasan ƙarshe. Uwayenmu suka yi kwalliya suka zo, wasu da jarirai, wasu sun rufe sana'a. Baban Walƙiya ya rufe gareji ya kwaso ma'aikatansa gaba ɗaya.

Muna ɗaura takalma sai ga manajan filin. Ya ce an samu canji. Ƙungiyar maza ta garin tana da babban wasa a gaba, za su yi atisaye yanzu, kuma ba a so a gajiyar da ciyawa. 'Yan mata su koma filin baya. Filin baya kuwa wurin ajiye motoci ne, tsakuwa da baƙin mai, ko wurin zama babu.

Wasu cikinmu suka fara hawaye. Ni na riga na ɗauki jakata. Anti ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Ku jeru." Muka jeru. Maimakon ta yi hanyar baya, sai ta miƙe ta ƙofar da 'yan wasa ke shiga, muka bi ta, har tsakiyar fili. Ta zauna a kan ciyawa ta miƙe ƙafa. Muka zauna. Da 'yan ɗaya makarantar da za mu kara da su suka ga haka, suka dubi kocinsu, wani dattijo mai furfura, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, me kuke jira?" Su ma suka zo suka zauna a gefenmu.

Manaja ya taho da sauri, yana share gumi.

"Malama, kin san abin da kike yi kuwa? Zan iya sa a dakatar da ke!"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ki tashi."

"Zan tashi in alƙalin wasa ya busa. Tambaya ɗaya nake da ita. Ciyawar nan, tana gane ƙafar namiji da ta mace? In tana ganewa ka faɗa mini, mu tafi."

Manaja ya juya wajen masu gadi, masu gadi suka dubi kujeru, inda uwaye suka riga suka miƙe tsaye. Ina jin muryar mahaifiyata, matar da ko a gida ba a jin ɗuriyarta, tana cewa, "Ba inda za su!" Baban Walƙiya kuwa yana ta faɗar abubuwan da ba zan iya rubutawa a nan ba.

Ana cikin haka 'yan ƙungiyar maza suka fito da rigunan atisaye. Na ce shi ke nan. Kyaftin ɗinsu ya tsaya ya dube mu, yara zaune a rana, wasu da takalman da suka fi ƙafarsu girma an cusa tsumma a ciki. Ya ƙarasa wajen manaja ya ce, "Oga, bar su su buga. Atisayen ba zai gudu ba. Mu ma mu ga abin da suka iya." Ya ja mutanensa suka hau kujeru.

Aka buga. Ina so in ce mun ci, amma ba mu ci ba. Ana dab da tashi wata 'yar baya tasu ta sa kai, ƙwallo ta wuce ta saman yatsuna. Na kwanta a wurin na ƙi tashi. Anti ce ta zo ta ɗago ni, ta kakkaɓe mini riga ta ce, "Gola, a kan me kika faɗi?" Na ce, "A kan ciyawa." Ta ce, "To ki tashi, kin ci naki."

Kyautar da aka ba mu kuwa, bokitan roba ne da faranti. Samarin da suka zo na biyu a tasu gasar kuwa, kekuna aka ba su. Anti ta ɗaga bokiti sama kamar kofi, ta zaga fili da shi, muna bin ta muna ihu, har 'yan ƙungiyar maza suka miƙe suna tafi.

Manaja bai manta ba. Aka dakatar da ita daga horar da 'yan wasa na kakar wasa guda. Ko sau ɗaya ba ta je roƙo ba. Ta samu wata malamar lissafi ta tsaya a matsayin koci, ita kuma ta dawo a matsayin mai kawo ruwa. Ba a taɓa ganin mai kawo ruwa mai surutu irinta ba. Za ta miƙa miki kofi tana cewa, "Sha, kuma ki daina barin lamba bakwai a bayanki." Malamar lissafin ta ce a kakar nan ba abin da ta koya sai riƙe usur.

Daga shekarar ba a sake kai wasan ƙarshe na 'yan mata filin baya ba.

Yau in ka kunna talabijin ka ga mata suna buga ƙwallo a filin da ya cika, ka sani daga hannun irin su Anti abin ya taso. Walƙiya ta buga wa manyan ƙungiyoyi, yanzu ita ma tana horar da yara. Cikinmu akwai alƙaliyar wasa, akwai mai gyaran targaɗe a asibiti, akwai da yawa da ba su sake taɓa ƙwallo ba amma ba mai iya sa su sunkuyar da kai a taro. Yaran da take koyarwa yanzu, wasunsu 'ya'yanmu ne, kuma ubanninsu ne ke kawo su a babur.

Ba zan ce komai ya gyaru ba, don ita ma ba za ta yarda in faɗa ba. Har yanzu wasan mata ake sawa da tsakar rana, a ajiye wa maza sanyin yamma. Duk kwas ɗin koci da ta je, ita kaɗai ce mace a aji, kuma samarin da ta koya wa yadda ake jera 'yan baya sun zama shugabanninta, suna zuwa duba aikinta suna kiranta Mama. Ba ta taɓa riƙe ƙungiyar da ta wuce ta makaranta ba. Na tambaye ta ko abin yana ci mata rai. Ta ce, "Yana ci mana. Amma in na tsaya fushi, wa zai ba ƙwallo iska?"

Anti, uwar 'yan mata, mun gode. Mun gode da ƙafar da kika ƙarar a kanmu. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki ga jikokinki na fili suna ɗaga kofi na gaske.

Da muka je gidanta mu tsofaffin 'yan wasa, muka tambaye ta me take so mu yi mata na sallama, walima ko kujerar hutawa, sai ta harare mu.

"Ni na ce muku ina son kujera? Kujerun da nake so suna can filin wasa, ba kowa a kansu. Yaran nan suna buga ƙwallo mai kyau, in suka ɗaga kai ba sa ganin kowa sai ni. Ni kuma ga shi zan tafi."

To, jama'a, kun ji. Ba kowa ne zai iya zama koci ba, amma kowa yana iya zama ɗan kallo. Ranar Asabar mai zuwa yaranta suna da wasa, kuma shi ne na ƙarshe da za ta tsaya a bakin layi. Ka ɗauko 'yarka, ki ɗauko ƙanwarki, ku zo da lema don da rana ne. In yaran nan suka ɗaga kai, su ga mutane.