Bijiman Baba a Cikin Waya

Ƙanena ne ya sayar da bijiman noman gidanmu. Na san zai yi, na kuma ja bakina na yi shiru, kuma shirun nan har yau yana cina.

A shekarar ne ɓarayin daji suka matsa wa hanyar Wasagu. Yau ka ji an kore garke, gobe ka ji an shiga ƙauye an kwance shanun garma daga turke. Gonarmu tana bayan Dabai, bijiman nan biyu kuwa su ne ƙarfinta. Baba tsohon soja ne, da kuɗin sallamarsa ya saye su, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi ji da su a kanmu. Da ya tafi Sakkwato aikin ido, ƙanena ya ja su kasuwa, ya zuba kuɗin kaf a kirifto, kuɗin nan na intanet da ba a riƙewa a hannu. Ya ce mini kafin damina zai fitar ya sayi wasu, har da riba. Shagon cajin waya gare shi a bakin tasha, sai na ɗauka ya san abin da yake yi.

Baba ya dawo da rana tsaka, ido ɗaya a liƙe da auduga. Ko ruwa bai sha ba ya zagaya bayan ɗaki, ya tarar da turaka biyu da busasshen kashin shanu. Ya dawo tsakar gida ya zauna, ya sa aka kira ƙanena. Sanyin muryarsa ne ya fara ba ni tsoro.

"Ina shanuna?"

"Suna nan, Baba. Cikin waya."

"Kawo in gani."

Ƙanena ya miƙa masa. Baba ya kanga wayar kusa da idonsa mai lafiya, ya tambayi mene ne wannan jan layin da ya sunkuyar da kai. Ƙanena ya ce kasuwa ce ta ɗan sauka, za ta tashi.

"Yanzu sa nawa ke ciki?"

"Kamar ɗaya da rabi."

Baba ya ce duk yawonsa na soja bai taɓa ganin rabin sa yana jan garma ba. Ƙanena kuwa bakinsa ba ya mutuwa. Ya ce bijimin da Baba ke gani, ɓarawo ma yana ganinsa. Na waya kuwa ba a korarsa, ba ya ciwo, ba ya cin ciyawa, ba kuma kamar naira ba ne da take narkewa a aljihu. Na tsaya a ƙofar madafa ina jinsa, kuma wallahi maganarsa ta shige ni.

"Sa in ya faɗi, a yanka a ci nama," in ji Baba. "Wanga in ya faɗi, mi za a ci? Wa zan kama? Ina ofishinsu?"

"Babu ofis, Baba. Shi ne daɗin abin."

"Babu ofis, babu mai shi, ka ɗauki gumina ka ba iska ajiya."

Da ƙanena ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Sai ya ce zamanin su Baba ya wuce, bindigar da suka riƙe shekara da shekaru ba ta hana a kore shanun kowa ba.

Ban ga lokacin da Baba ya zare bel ɗinsa na soja ba. Ƙarfen ya sami ƙanena a gira, jini ya wanke masa fuska. Na biyu ya sauka a kunne, na uku a wuya. A na huɗu ƙanena ya cafke bel ɗin. Mu a Zuru da kokawa ake rainon namiji, jikinsa ya riga hankalinsa: ya shiga ƙarƙashin Baba, ya ɗaga shi, ya maka shi da ƙasa. Kan Baba ya daki dutsen murhu, audugar idon ta fita, ta jiƙe ja. Baba ya miƙe yana layi, ya nufi inda adda take jingine. Mama ta ƙanƙame masa ƙugu tana kiran sunan Yesu, yana janta a ƙasa kamar buhu.

Ni ma jinin gidan ce, ba ni da sanyi. Na ga wayar a ƙasa, na ce wannan ce ta jawo ɗa ya kayar da ubansa. Na jefa ta cikin turmi, na ɗauki taɓarya na kirɓa ta, ban tsaya ba sai da batirin ya fara hayaƙi. Ƙarar ce ta tsayar da su.

Ƙanena ya tofar da jini ya ce, "Yaya, aikin banza kinka yi. Kuɗin ba cikin wayar suke ba."

Ya ce akwai kalmomi goma sha biyu na Turanci, su ne makullin. Mai su zai buɗe kuɗin a kowace waya, wanda ya rasa su kuwa ya rasa komai. Ya rubuta su a takarda, ya naɗe da guntun fata don gudun gara, ya ɗaure da baƙin zare ya cusa a jinkar rumbu. Ya ce yanzu zai ɗauko, gobe ya sayar a kan faɗuwar, Baba ya sami ko sa ɗaya ne. Ya hau rumbun yana ɗigar da jini, ya yi ta lalube.

Mama ta saki Baba ta zauna daɓas. Ta ce ita ta tsinci abin, ranar da ta hau ɗibar dawa. Kowace mace a wajenmu in ta ga ƙullin fata da baƙin zare a rumbu ta san sammu ne aka yi don a kashe albarkar hatsi. Ta kai wa 'yan uwanta na zumuntar mata, suka yi addu'a a kai, suka zuba kananzir suka ƙone shi a bayan coci. Ba ta faɗa mana ba ne don kada hankalinmu ya tashi.

Na duba turmin. Da wayar tana nan, da har yanzu kuɗin a buɗe suke a cikinta. Mama ta ƙone makulli, ni na rushe ƙofa, kuma babu wadda ta yi da mugun nufi.

Idon Baba bai warke ba. Daminar nan da fartanya ya yi noma, da ido ɗaya, rabin gonar ciyawa ta cinye. Ni da Mama ya yafe mana, amma ya ce ɗan da ya kai bayan ubansa ƙasa ba zai sake taka masa gona ba. Ƙanena ya koma Mahuta yana acaɓa.

Da na kai masa ziyara bara, ya ciro littafin makaranta daga ƙarƙashin katifa, shafi bayan shafi, layi layi na kalmomi goma sha biyu. Ya ce ya tuna takwas, jerin ne ke ruɗa shi. Kuɗin suna nan, yana iya ganinsu a intanet amma ba ya iya fitarwa, ba wanda ya taɓa. Ya roƙe ni in tambayi Mama ko ta tuna kalmar farko, ko da harafi ɗaya ne.

Na tambaye ta tana tsintar wake. Ta ce ko zaren ba ta kwance ba, da itace biyu ta ɗauke shi.