Hayaƙi a Gidan Nyai Dalima

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Nyai Dalima Bongso, wadda yaran ƙauyen nan suke kira Nene, wato Kaka, ni kuwa nake kira Yaya tun ina ƙarami. Mun sallace ta bayan La'asar, muka kai ta makwancinta a tudun da ke fuskantar teku. Na roƙi ladan ya karanta wannan bayan sallar Asuba ta yau Juma'a, domin muryata ba za ta kai ƙarshensa ba.

Yaya Dalima, kin san abin da muka gada daga kakanninmu, waɗanda Turawan Holan suka kwaso daga Jawa suka zube a wannan tsibiri na Siri Lanka. Gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta a cikinsa sai bayan kwana uku. Maƙwabta ne suke ciyar da shi. Asalinsa yana cikin sunna: da labarin shahadar Ja'afar ya iso Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya shagaltar da su. Ni karanta wannan na yi. Ke a ka kika ɗauke shi, cikin langa, tun kina amarya har ƙafa ta gaza.

Duk gidan da aka yi rasuwa, kafin masu wankan gawa su gama, kin riga kin kankare kwakwa, kin murza garin shinkafa, kin ɗura a bututun gora, dambun da muke kira fittu yana turara. Ga miyar tumbi da ta sha madarar kwakwa, ga tsamin gwanda da dabino da albasa a gefe. Ba ki taɓa tambayar ko mamacin Bamalaye ne irinmu, ko Batamile, ko Basinhale ba. Shekarar da teku ta hau mu, ta tafi da mijinki da kwale-kwalensa, babu gidan da ba na makoki ba, har aka rasa maƙwabcin da zai dafa wa maƙwabci. Sai kika kafa murhu a kan titi, kika ce mini: "Liman, titi ai ba gidan kowa ba ne. Daina kallona, je ka samo itace." Daga wannan murhu muka ci, mu da muka saura.

Ina tuna malaman da suka zo daga Malesiya, suka ce harshenmu gurɓatacce ne, Malayanci ne da Tamilanci da Sinhalanci suka cinye rabinsa. Kika ƙara wa babbansu miya, kika ce: "Ɗana, wannan ma haɗe-haɗe ce, ga shi kana lashe yatsa. Ci, ka bar mana bakinmu."

Ga abin da ya hana ni yin shiru. Tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka gano bakin tekunmu, ɗanki Tuwan Hanifa ya mai da zauren gidanki wurin cin abinci, ya kafa allo da sunanki da hotonki. Abincin da kike kai wa masu kuka, shi ake jera wa masu dariya da ɗaukar hoto. Ban ce haramun ne ba. Neman halal ibada ce. Amma ranar Laraba, kina kwance a ɗaki an lulluɓe ki, ina zaune kusa da ke ina karatu, na ji ƙamshin albasa a mai. Na fito na tarar da wuta a murhunki.

Na ce: "Hanifa, mahaifiyarka fa ba ta bar gidan ba."

Ya ce: "Baba Liman, motar baƙi tana hanya, tun makon jiya suka kama wuri. In ce musu me? Nene da kanta ba ta son a bar baƙo da yunwa."

Ƙanwarsa Marjan, wadda ta yi jinyarki har ƙarshe, ta leƙo daga ɗaki ta ce: "Yaya, ka bari a fitar da ita mana! Ko so kake ta tafi tana warin miyarka?"

Bai kashe wutar ba. Sai dai ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba, Yaya. Shi mutum ɗaya ne. Mu ne. Unguwa ta ga hayaƙi yana tashi, kowa ya ce wa kansa, ai gidan abinci ne, me za a kai musu? Mata suka shigo da hawaye, hannu wofi, suka fita. Har da waɗanda suka ci fittunki ranar da suka binne iyayensu. Waɗansu ma sun zauna sun ci abin da ya rage daga teburin baƙi, suna cewa miyar Nene ba ta mutu ba.

Marjan ta ƙi sa abincin wutar nan a bakinta. Jiya na saya mata burodi da ayaba, na ce mata shari'a ba ta yarda mai makoki ya cutar da kansa ba, kuma al'ada ba ta kai farilla ba. Ta gutsuri kaɗan don girmana, ta ce: "Baba Liman, ba azumi nake ba. Wannan na kanti ne. Langa nake jira. Uwata ta shiga kowane gida a garin nan da langa a ka. So nake in ga guda ɗaya ta shigo namu, ko da ruwan shinkafa ne a ciki."

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Dalima, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Ka ciyar da ita daga 'ya'yan itacen Aljanna gwargwadon cikkunan da ta ƙosar, Ka haɗa ta da mijinta a inda babu igiyar ruwa mai raba masoya. Ka shiryi Hanifa, Ka sa wa sana'arsa albarka, Ka ba shi haƙurin rashin da bai zauna ya ji nauyinsa ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hanifa, da jikoki, da dangin Bongso na Hambantota da na Kolombo, da Marjan musamman. Ku kuwa da kuke zaune a sahu, yau ce rana ta uku. Da faɗuwar rana makoki ya ƙare, kuma abin da aka kai gobe ba zai zama abincin makoki ba. Ku faɗa wa iyalanku. Marjan tana ɗakin baya, ƙofar da ke kallon rijiya, kuma a buɗe take.