Baffa Ashafa da Albasar da Ba a Ci

Baffa Ashafa bai taɓa shuka abin da ba a ci ba sai da ya haura shekara sittin. Kiwo ya tashi yana yi a rugagen da ke tsakanin Ringim da Garki. Da gwiwa ta fara hana shi doguwar tafiya, ya bar wa ƙaninsa shanun, ya samu gadi a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Takur.

Wata rana shugabar asibitin, Sista Mashkura, ta dawo daga Jos da leda, ta miƙa masa.

"Baffa, fure ne, ja. A shuka mana a bakin ƙofa."

Ya ciro ɗaya ya juya shi, ya sansana. "Sista, wannan ai albasa ce."

"Ba a cin ta. Ta kallo ce."

Bai gane amfanin abin ba, amma an ba shi amana. Ya yi fangali mai zurfi irin na masu lambu, ya zuba ɗanyen kashin shanu, ya binne kawunan goma sha biyu can ƙasa. Safe da yamma yana kwara musu ruwa, don shi mutum ne da ba ya iya ganin abu mai rai cikin ƙishirwa. Sati uku babu tsiro. Da ya tona, sai wari. Takwas sun ruɓe, huɗun da suka rage sun fara laushi.

Kunya ta hana shi magana. Sai ya tuna da albasar kwaɗi da ya sha gani a fadama lokacin kiwo, mai farin fure. Ranar hutunsa ya hau mota zuwa Ringim, da niyyar ya haƙo ya cike gurbi ba tare da kowa ya sani ba. A wurin haƙar ne ya lura: ba cikin ruwa suke ba, a kan tudun yashi suke, gefen ruwan. Ya daɗe tsugune yana murza yashin a hannu.

Washegari ya wuce ofishin Sista da buhun albasar da ya haƙo.

"Sista, na kashe miki fure. Ruwa na cika musu. Na so in ɓoye, zuciyata ta ƙi."

Ta leƙa buhun, ta dube shi. "Baffa, ni ma ban san yadda ake shuka su ba. Saya kawai na yi. Yanzu yaya za a yi?"

"A bar ni in sake."

Ya ɗaga fangalin ya zama tudu, ya gauraya yashi da busasshen taki. Ya ɗauko huɗun da suka rage, ya yanke wuraren da suka ruɓe, ya shafa toka, ya shanya su kwana uku a inuwa. Ya shuka su tare da na fadama. Wannan karon wuyansu a waje ya bari, kuma ba ya ba su ruwa sai ya tura yatsa ya ji ƙasa ta bushe.

Biyu daga na Jos suka rayu. Na fadama kuwa, ana fara ruwan sama suka buɗe gaba ɗaya.

Yau shekara bakwai ke nan. Duk bayan damina yakan tone su ya raba 'ya'yan, kuma matar da aka sallama, in ta tsaya kallo, yakan naɗe mata ɗaya a takarda ya bi ta har bakin titi yana bayani. Jan furen har yau bai san sunansa ba. 'Yar Jos yake ce masa.