Malam Bari-Mu-Duba, Mai Farautar Kujerar Jirgi

Ƙarfe bakwai da rabi yake isa ofishin sayar da tikitin jirgi, mai shara ba ta ma gama ba. Ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna kwamfuta, ya bi 'yan takardun da ya manna a gefenta ɗaya bayan ɗaya. Kowace takarda mutum ne mai jiran kujera. Shayinsa sai ya huce kafin ya tuna da shi. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ban ji wani babba ya ce masa sannu ba. Shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan. Ban yi boko ba, amma bakina lafiyarsa lau.

Ɗana yana yawan hawa jirgi saboda aikinsa. Wai duk hawa ɗaya kamfani na ba shi maki, in ya taru a karɓi tikiti da shi maimakon kuɗi. Da aka sa wa ƙanwarsa ranar tiyata a garin da take aure, ya bugo waya: "Mama, ina da maki dubu sittin, kujerar dubu hamsin ce, jiya na gani. Na sanar da ofishinsu, ki je kawai."

Na je ranar Talata. Yarinyar teburin farko ta danna nan ta danna can, ta ce dubu tamanin da biyar.

"Jiya hamsin fa," in ji ni.

"Jiya ke nan, Mama."

"Fiffike aka ƙara wa jirgin?"

"Haka na'ura ta nuna."

"To kira mini na'urar mu yi magana."

Ina cikin buga tebur sai wani dattijo ya taso daga lungu. "Yaya, dawo nan ki zauna. Bari mu duba." Ashe sunan da suke kiransa ke nan, Bari-Mu-Duba.

Ya ce kujerun maki 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, masu arha sun ƙare, amma wani lokaci kamfani kan saki wasu da safe. Na ce kujera ba kujera ba ce? Ya ce kujerar ɗaya ce, farashin ne kala-kala. Na ce ko tumatir da yamma sauka yake yi. Ya yi dariya. "Ni ma ban gama gane su ba, Yaya. Na dai san lokacin da suke gyangyaɗi."

Tiyata Litinin ce. Laraba kujera ta sauko saba'in. Alhamis ta haura casa'in. Jirgi ɗaya, rana ɗaya. Kaina ya ɗaure har na fara zarginsa shi ma, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Sai ya matso da takardata sama.

Ran Juma'a da safe ya bugo mini. Ya samo ta dubu arba'in da biyar, amma sai na sauka a wani gari na canja jirgi.

"Wato in wuce garin 'yata, in dawo baya da jirgi na biyu, shi ya fi arha a kan jirgi ɗaya?"

"Haka ne."

"Masu kamfanin nan ƙalau suke?"

"Yaya, ki ce to kafin su farga."

Na ce to. Ya rubuta mini komai da manyan lambobi yadda zan nuna wa ma'aikata. Ya kuma nema mini keken tura marasa lafiya. Na ce wa ya gaya maka gurguwa ce ni? Ya ce, "Ba don ƙafarki ba ne, don kada ki ɓace."

Mai gadi ya ce ba ni ce ta farko ba. Ya ga wata malamar makaranta ta fita tana hawaye bayan ya samo mata kujera zuwa wajen mahaifinta da ke kwance. Mai shara kuma ta sha jin manaja yana masa faɗa, wai tikitin maki ba ya kawo wa ofis komai, ya daina ɓata safiyarsa.

Malam Bari-Mu-Duba, kai ne ka ɓata safiya huɗu a kan tsohuwar da ta kira ka mazambaci. Kai ne mai haƙurin da ni ba ni da shi. Na sauka ranar Lahadi. Litinin da za a shiga da 'yata ɗakin tiyata, uwar 'ya'ya uku guda, ta riƙe bakin zanina kamar mai tatata. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwana.

Ku masu kamfani, har yau ina jiran wanda zai fito ya yi mini bayanin wannan lissafi naku da bakinsa. Kai manaja, ka tara ma'aikata ka gode wa bawan Allahn nan a gaban kowa, in ba haka ba zan zo in yi maka da kaina, kuma ka san muryata. Ku kuma yaran ofis, ku matsa kusa da shi ku koya tun kafin wata ya ƙare. Akwai uwar da za ta shigo muku gobe da masifa, 'yarta na can kwance tana kallon ƙofa.