Rigar Baffa

Ƙamshin kaki idan dutsen guga ya hau shi har yau yana tuna mini da Baffa. Yana mayar da ni Djougou, cikin damina, 'yan shekaru bayan Faransawa sun tafi, lokacin da sojojin ƙasarmu suka fara juya wa juna bindiga.

Gidanmu gidan fawa ne. Baba mahauci, ƙaninsa kuma, wanda muke kira Baffa, ya bar wuƙa ya shiga soja, har ya kai laftana a barikin Parakou. Kafin nan shi ne mai ɗauko nama daga mayanka zuwa kasuwa, cinyar sa guda a kafaɗa, yana sassarfa.

Wata safiya rediyo ta daina magana, sai kiɗan soja kawai. Fataken shanu da suka iso da azahar suka ce an yi harbi wajen Tourou, kusa da Parakou. Kakarmu ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone.

Washegari wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya yi sallama, ya miƙa wa Baba ƙunshi. Ya ce sojoji ne suka ba shi a ƙofar asibiti, bai san komai ba bayan haka. Rigar Baffa ce, jini ya bushe a jikinta ta yi tauri kamar fata.

A wurinmu ba a aiko da tufafin mai rai. Idan rigar mutum ta riga shi zuwa gida, an gama magana. Maƙwabta suka fara shigowa da tabarmi. Matar Baffa ta cire 'yan kunnenta.

Baba bai zauna ba. Ya shimfiɗa rigar a kan turmi, ya bi ta da yatsa, gaba da baya.

"Inna, a dakata da tabarmin nan," ya ce wa Kaka. "Babu huda ko ɗaya. Dubi inda jinin ya zauna, kafaɗar dama, ya gangaro gadon baya. Haka rigarsa take yi in ya dawo daga mayanka. Ɗaukar wani ya yi."

"To yana raye?"

"Ban ga wandonsa ba, Inna."

Ya hau kamiyon da ya kawo saƙon, ya tafi Parakou. Mu kuma muka zauna tsakanin biyu. Ba a yi makoki ba, ba a naɗe tabarmi ba. Ruwa yana ta sauka a kan kwano. Duk motar da ta rage gudu a bakin hanya, sai Kaka ta miƙe.

Da Baba ya dawo, tun daga zaure ya ce, "Yana gaishe ku." Harsashi ya sami Baffa a cinya, amma ƙafar za ta tsira. Sojojinsa suka ba Baba labari: an rutsa da su a fili, wasu suka faɗi, kowa ya kwanta bayan gini. Baffa ya ajiye bindigarsa ya fita. Ya saɓo na farko ya kawo, ya koma, ya sake komawa, ana harbi ƙasa tana tashi a gefensa. Na ƙarshen a kafaɗarsa ya cika. Yaran da suka aiko da rigar mutanen kudu ne, sun yi haka ne don uwarsa ta ga abin da ɗanta ya yi, ta yi alfahari.

Kaka ta ce, "Allah ya shirye su." Sannan ta yi kukan da ta riƙe.

Yanzu labari yana isowa ta waya tun jini bai bushe ba, da hoto har da murya. Ban tabbata hakan ya rage fargaba ba. Baffa ya tsufa yana ɗingishi, kuma bai taɓa ba mu labarin waɗanda ya ceto ba. In an matsa masa, sai ya ce na ƙarshen ya kamata ya fara ɗaukowa.